Aikatau “Get” na Ingilishi: Gajeriyar Kalma Mai Ɗauke da Ma'anoni Masu Yawa

Duk wanda ya daɗe yana koyon Ingilishi ko koyar da shi ya san cewa dogayen kalmomi, irin na likitanci da shari'a da kimiyya, sun fi gajeru sauƙin sha'ani, domin doguwar kalma galibi ma'ana ɗaya take ɗauke da ita, kuma da zarar an riƙe wannan ma'ana to an rabu da kalmar lafiya. Inda gizo yake saƙa shi ne wajen gajerun kalmomin nan da ake ji dare da rana, waɗanda ɗalibi yake ɗauka ya san su tun yana firamare, amma sai ya riƙa cin karo da su a wuraren da ma'anar da ya haddace ba ta shiga ko kaɗan. Babu kalmar da ta fi nuna wannan hali kamar “get”, wadda take cikin rukunin da masana nahawu suke kira aikatau, wato kalmar da take nuna aiki ko aukuwar wani abu a cikin jimla. A makaranta akan fassara ta da “samu”, kuma fassarar daidai ce iya gwargwadonta, sai dai kalmar tana kuma ɗaukar ma'anar zama, da isa wuri, da fahimta, da sa wani ya yi abu, da mallaka, har ma da wajabci. Waɗannan ma'anoni ba a watse suke ba, domin dukkansu daga tushe ɗaya suka tsiro, kuma abin da ya biyo bayan “get” a cikin jimla shi ne yake bayyana wace ma'ana ake nufi.

Inda kalmar ta fito

Siffar da kalmar take da ita a yau ba daga tsohon Ingilishi kai tsaye ta fito ba, aro ce daga harshen mutanen arewacin Turai, na yankin da ƙasashen Denmak da Norwe suke a yanzu, waɗanda tarihi ya sani da suna Vikings. Waɗannan mutane sun fara kai hare-hare gaɓar tekun Ingila a ƙarshen ƙarni na 8, inda harin da suka kai tsibirin Lindisfarne a shekarar 793 ya fi shahara, sa'an nan daga baya suka zo da yaƙi sosai, suka ci birnin York a shekarar 866, suka zauna a arewaci da gabashin ƙasar, suka yi noma da fatauci da auratayya da mutanen da suka tarar. Harsunan ɓangarorin biyu 'yan uwan juna ne, saboda haka aron bai tsaya ga sunayen kayayyaki ba, ya shiga har cikin kalmomin yau da kullum, irin su “take” mai nufin ɗauka, da “sky” mai nufin sararin sama, da “egg” mai nufin ƙwai, da kuma “they” mai nufin su.

A harshen waɗannan baƙi akwai aikatau “geta”, wanda yake nufin samu ko cim ma abu, har ma da haifa da cinta, kuma shi ne ya fara bayyana a rubutun Ingilishi wajen shekarar 1200. Tsohon Ingilishi yana da nasa ɗan uwan wannan kalma, amma galibi a haɗe da wani ɗafi ake ganin sa, kamar a cikin kalmar da ta zama “forget”, wato mantawa, da wadda ta zama “beget”, wato haifa. Hujjar da masana suke kafawa wajen tabbatar da aron ita ce furuci: a tsohon Ingilishi baƙin farko na kalmar da sautin “y” ake furta shi, kamar yadda ya faru a “yellow” da “yield”, to da a ce kalmar gida ce ta wanzu, da ba a ji sautin “g” mai ƙarfi a bakin Turawan yau ba. Idan aka ƙara nutsawa baya, saiwar kalmar tana komawa ga wani tsohon tushe mai nufin kamawa ko damƙa, wanda shi ne kuma yake cikin kalmar Latin da ta haifi “comprehend”, mai nufin fahimta. Ke nan tun asali hoton da yake cikin kalmar shi ne hannu ya kai ga abu ya riƙe shi.

Dalilin tara ma'anoni

Masana ilimin ma'ana, wato fannin nazarin harshe da yake bincike a kan abin da kalmomi suke nufi, suna bambanta tsakanin hali biyu. Na farko shi ne inda kalmomi biyu mabambanta asali suka dace a rubutu ko furuci ba tare da wata dangantaka ta ma'ana ba, kamar “bank” na ajiyar kuɗi da “bank” na gaɓar kogi. Na biyu shi ne inda kalma ɗaya ta yaɗu ta haifi ma'anoni masu alaƙa da juna, wanda za a iya kira yawaitar ma'ana, kuma “get” a wannan rukuni take. George Kingsley Zipf, masanin harshe na Jami'ar Harvard a Amurka, ya nuna a shekarar 1945 cewa akwai dangantaka tsakanin yawan amfani da kalma da yawan ma'anoninta, ta yadda kalmar da aka fi faɗa ita ce take fin tara ma'anoni. Dalilin a bayyane yake, domin mai magana yakan kai hannu ga kalmar da take kusa da bakinsa ya ɗora mata sabon nauyi, yana dogaro da cewa mai sauraro zai gane nufinsa daga yanayin zancen.

Babban ƙamus na Oxford, wanda aka fara fitar da shi kashi-kashi a shekarar 1884 aka kuma kammala bugun farko a 1928, ya tabbatar da wannan. A bugu na biyu na shekarar 1989, mai juzu'i 20, aikatau “set” ne ya fi kowane yawan ma'anoni, har 430, amma da aka sake bitar shigarwar “run” sai aka lissafa mata 645, kamar yadda aka bayyana a 2011. “Get” tana cikin wannan ƙaramin ayari tare da “go” da “take” da “put”, sai dai ta fi su ƙarfi a wajen hira. Littafin nahawun da kamfanin Longman ya buga a 1999, wanda Douglas Biber da abokan aikinsa suka gina a kan ƙididdigar miliyoyin kalmomi na magana da rubutu, ya nuna cewa a zancen baka babu wani aikatau mai cikakkiyar ma'ana da ya kai “get” yawan fitowa, alhali a rubutun ilimi ba ta cika bayyana ba. Tun kafin wannan, lokacin da C. K. Ogden ya tsara sauƙaƙƙen Ingilishi mai kalmomi 850 a shekarar 1930, aikatau 18 kacal ya zaɓa, kuma “get” tana cikinsu, saboda ya lura cewa idan aka haɗa ta da wasu ƙananan kalmomi za ta iya tsayawa a madadin aikatau masu yawa.

Abin da ya biyo baya shi ne mabuɗi

Hanya mafi sauƙi ta warware ma'anonin ita ce a dubi irin kalmar da ta zo bayan aikatau ɗin. Idan suna ne ya biyo baya, wato karɓau, wanda shi ne abin da aikin ya faɗa a kansa, to ma'anar tana kewaye da samu. “She got a letter” tana nufin ta sami wasiƙa, “he got a job” kuwa ya sami aiki. Amma ko a nan akwai rassa, domin wani samun yakan zo wa mutum yana zaune, wani kuma sai ya tashi ya nema. Idan uwa ta ce wa yaro “get some water”, aikensa ta yi ya ɗebo ruwa. Idan aka tambayi mutum “where did you get that cap”, ana tambayar inda ya sayi hular ne. Idan aka ce “he got malaria”, to zazzaɓin cizon sauro ne ya kama shi. Idan kuma aka ce “the police got him”, to 'yan sanda sun cafke shi. Daga kama abu da hannu sai ma'anar ta haura zuwa kama shi da hankali, shi ya sa “I don't get it” take nufin mai magana bai gane ba. Wannan tafiya daga hannu zuwa tunani ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, wanda yakan ce yaro yana da saurin ɗaukar karatu, ko a ce wane bai kama zancen ba.

Idan sifa ce ta biyo baya, wato kalmar da take bayyana halin abu, to ma'anar takan koma zama ko shiga wani sabon hali. “He got tired” ya gaji ke nan, “she got angry” ta fusata, “it is getting dark” duhu ya fara yi, “he got well” kuwa ya warke. A nan ne fassarar “samu” take yin tuntuɓe, domin Hausa tana da aikatau na musamman ga kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye, kamar gaji da fusata da tsufa da jiƙe da ɓace, alhali Ingilishi yakan ɗauki “get” ɗaya ya jingina mata sifar da ake so. Muhimmin abin lura shi ne bambancin da yake tsakanin “get” da “be”. “She is married” tana bayyana halin da mace take ciki, wato tana da aure, amma “she got married” tana nuna lokacin da sauyin ya auku, wato ta yi aure. Wanda ya riƙe wannan bambanci tsakanin zama cikin hali da shiga cikinsa ya riƙe kusan rabin sirrin kalmar.

Idan kuma wuri ne ya biyo baya, ma'anar takan zama isa. “We got to Zaria at noon” tana nufin an isa Zariya da tsakar rana, “she got home late” kuwa ta isa gida a makare, kuma galibi akwai ƙamshin cewa an sha hanya ko an ƙetare wani cikas kafin a kai. Idan aka jera waɗannan kashi uku, za a ga zaren da ya ɗinke su: a na farko mutum ya kai ga wani abu, a na biyu ya kai ga wani hali, a na uku ya kai ga wani wuri. A kowanne akwai tashi daga rashi zuwa samu, daga inda ba a kai ba zuwa inda aka kai.

Jimloli huɗu masu kama da juna

Ana iya ganin yadda ƙaramin sauyi a ginin jimla yake juya ma'ana baki ɗaya idan aka ɗauki jimloli huɗu da kusan kalmominsu ɗaya ne. “She got to the doctor” tana nufin ta isa wurin likita, domin wuri ne ya biyo bayan “to”. “She got to see the doctor” tana nufin ta samu ta ga likita, wato dama ta samu bayan wataƙila an yi dogon layi, kuma abin sha'awa shi ne Hausa ma da “samu” take gina wannan ma'ana, kamar a cikin “da ƙyar ya samu ya fito”. “She has got to see the doctor” kuwa tana nufin dole ne ta ga likita, domin shigowar “has” ta mai da zancen wajabci. Ta huɗu, “she got the doctor to see him”, tana nufin ta sa likita ya duba shi, saboda an saka mutum tsakanin “got” da “to”. Ɗalibin da ya haddace “samu” kaɗai zai iya kuskure uku daga cikin huɗun nan, alhali wanda aka koya wa duban abin da ya kewaye kalmar zai rarrabe su cikin sauƙi.

Jimla ta huɗu ta buɗe wani babi, wanda masana suke kira ginin sababi, wato inda wani ya zama dalilin da ya sa wani ya aikata abu. Ingilishi yana da aikatau da dama na wannan aiki, kuma kowane da nasa ɗanɗano: “he made the boy wash the car” tana ɗauke da tilastawa, amma “he got the boy to wash the car” tana nuna an lallaɓa yaron ne ko an shawo kansa. Idan ba a damu da ambaton wanda ya yi aikin ba, sai a ce “he got the car repaired”, wato ya kai an gyara masa motar, ko “she got her cloth sewn”, wato ta ba da an ɗinka mata kaya. Sai dai wannan gini yana da tarko, domin “he got his phone stolen” ba ta nufin ya sa an sace wayarsa, tana nufin an sace masa waya ne, kuma hankali ne kaɗai yake raba tsakanin abin da mutum ya nema da abin da ya same shi.

Dab da wannan akwai amfani da “get” wajen gina jimlar da take sa wanda aiki ya faɗa wa a gaba, irin wadda Hausa take ginawa da “an” ko “aka”. Ingilishi yakan ce “he was arrested” ko “he got arrested”, duka biyun suna nufin an kama shi, amma ta biyun ta fi zama ta hira, ta fi nuna aukuwar abin farat ɗaya, kuma sau da yawa takan zo da abin da ba a so, kamar kora daga aiki ko jin rauni, ko da yake ana jin ta da abin alheri kamar “she got promoted”, wato an ƙara mata girma. A wasu lokuta takan ɗauki ishara cewa mutumin yana da hannu a abin da ya same shi. Saboda tana buƙatar aukuwa, ba ta dacewa da aikatau masu nuna dawwamammen hali, shi ya sa ake cewa “he is respected”, ba “he got respected” ba, idan ana nufin mutum yana da daraja a idon jama'a.

Haɗuwa da ƙananan kalmomi

Da yawa daga cikin ma'anonin “get” suna fitowa ne daga haɗuwarta da ƙananan kalmomi masu nuna shiyya, irin su “up” da “on” da “off” da “over” da “by”, kuma irin wannan haɗi ana iya kiran sa harɗaɗɗen aikatau. Samuel Johnson, a gabatarwar ƙamus ɗinsa na shekarar 1755, ya ambaci wannan gini a matsayin abin da ya fi wahalar da baƙin harshen, kuma har yau maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba. Wasu daga cikin haɗe-haɗen a fili suke: “get up” tashi, “get in” shiga, “get out” fita, “get back” dawowa. Wasu kuma sun yi nisa da ma'anar ɓangarorinsu. “Get over” asalinta ƙetare abu, amma “she got over the illness” tana nufin ta farfaɗo daga ciwon, kamar dai ciwon katanga ce da aka haye. “Get by” tana nufin lallaɓa rayuwa da ɗan abin da ake da shi, “get along with” zaman lafiya da wani, “get away with” aikata laifi a sha ba tare da hukunci ba, “get through” kammala abu mai wuya ko samun mutum a waya, “get across” isar da manufa har a gane, “get rid of” kuwa rabuwa da abin da ya dami mutum. Ko a waɗannan, wanda ya lura zai ga hoton tafiya yana nan a ƙasa: mai laifin ya tsere da abin da ya yi, mai ƙaramin ƙarfi ya raɓa ta gefen wahala ya wuce, manufa kuma ta ƙetara daga wannan kai zuwa wancan.

Akwai ƙa'idoji biyu da suke yawan kayar da ɗalibai a nan. Ta farko ta shafi mazaunin wakilin suna, wato ƙaramar kalmar da take tsayawa a madadin suna, kamar “it”. Ana cewa “get it back” idan ana nufin a karɓo abu, ba a cewa “get back it”, amma ana cewa “get over it” idan ana nufin a manta da abin da ya wuce, domin a haɗin farko ana iya raba ɓangarorin biyu, a na biyu kuwa ba a raba su da wannan ma'ana. Ta biyu ta shafi abin hawa: a daidaitaccen Ingilishi ana amfani da “get on” da “get off” ga bas da jirgin ƙasa da jirgin sama da babur da doki, amma “get in” da “get out of” ga ƙaramar mota da tasi. Bahaushe da yake cewa sauka ga dukkansu yakan karkata zuwa “get down”, wadda kowa yake ganewa a tashoshin Nijeriya, amma ba ita ce amsar da hukumomin jarrabawa irin su WAEC da NECO suke nema ba.

Mai jin Hausa yana da wata mashiga ta fahimtar wannan gini, domin abin da Ingilishi yake yi da ƙananan kalmomi Hausa tana yin kwatankwacinsa da sauya ƙarshen aikatau. F. W. Parsons, malami a makarantar nazarin harsunan Afirka da Asiya ta Jami'ar Landan, ya tsara aikatau na Hausa cikin azuzuwa bakwai a shekarar 1960, inda ya nuna yadda saiwa ɗaya take ba da fita da fito da fice da fitar, ko shiga da shigo da shige da shigar, ko saya da sayo da saye da sayar. Wanda yake jin bambancin fita da fitar a kunnensa ba zai sha wahalar gane bambancin “he got out” da “he got it out” ba, domin dabarar ɗaya ce, kayan aikin ne suka bambanta.

“Got” da “gotten”

Siffar shuɗaɗɗen lokaci ta wannan aikatau ita ce “got”, amma siffar da take biyo bayan “have” ta rabu gida biyu tsakanin Birtaniya da Amurka. “Gotten” ita ce tsohuwar siffa, wadda Turawan da suka ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 17 suka tafi da ita suka riƙe, yayin da a Ingila ta yi ta ja da baya har ta rage a wurare kaɗan kamar “ill-gotten”, mai bayyana dukiyar da aka tara ta haramtacciyar hanya, da kuma cikin “forgotten”. Amurkawa suna amfani da duka biyun amma da aiki daban: “she has got a car” tana nufin tana da mota, “she has gotten a car” kuwa ta sami mota. A Birtaniya “got” ce take ɗaukar duka biyun. Makarantun Nijeriya da Gana bisa tsarin Birtaniya aka gina su, amma finafinai da intanet sun sa “gotten” ta yawaita a bakin matasa, saboda haka abin da ya fi dacewa ga marubuci shi ne ya zaɓi tsari ɗaya ya tsaya a kansa cikin rubutu guda.

Yadda “have got” ta koma nufin mallaka yana da hikima mai sauƙi, domin wanda ya riga ya sami abu to yana da shi, sai aka manta da samun aka riƙe sakamakonsa. Turancin buroka na Afirka ta Yamma ya kai wannan tafiya mataki na gaba, inda “get” kaɗai take nufin mallaka, kamar a cikin “I no get moni”, har ma takan nufi akwai, kamar a cikin “e get one man”, wato akwai wani mutum. Wannan ba ɓatan kai ba ne, hanya ce da harsuna da yawa suka bi, domin Faransancin da ake karantarwa a Nijar da Chadi da Kamaru shi ma da aikatau na mallaka yake gina “il y a”, mai nufin akwai.

Wurin da ya dace da ita

An daɗe ana samun malaman Ingilishi da suke hana ɗalibai rubuta “get”, suna ganin ta kalmar kasala. Tushen wannan ra'ayi yana komawa ga tarihi, domin bayan da Normandawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila a shekarar 1066, harshen fada da kotu ya daɗe yana Faransanci, na coci da ilimi kuma Latin, sai Ingilishi ya cika da kalmomin aro masu alamar daraja, irin su “receive” da “obtain” da “acquire” da “arrive”, waɗanda suke zaune kafaɗa da kafaɗa da “get”. Gaskiyar lamari ita ce kowace da muhallinta. A takardar neman aiki ko rahoton ofis, “I received your letter” ta fi dacewa, kuma takamaimiyar kalma takan kawar da shubuha. A hira kuwa, wanda ya ce “obtain” a inda kowa yake cewa “get” zai ji maganarsa ta yi tauri kamar mai karanta sanarwa. Ƙwarewa ita ce a san duka biyun, a kuma san lokacin kowace.

Darasi ga mai jin Hausa

Bai kamata wannan yawan ma'ana ya razana Bahaushe ba, domin harshensa yana da irinsa, har ma da ƙari. Manyan ƙamusoshin Hausa, tun daga na G. P. Bargery na shekarar 1934 da na R. C. Abraham da ya biyo bayansa, sun ba aikatau “ci” da “sha” fili mai faɗi. Ana cin abinci, ana cin jarrabawa da zaɓe da yaƙi da riba da sarauta, ana kuma cin amana da mutunci da bashi. Ana shan ruwa, ana shan wahala da duka da rana da kashi. Philip Jaggar da Malami Buba sun nuna a wani nazari da aka buga a 2009 cewa waɗannan ma'anoni suna bin tsari, inda “ci” take karkata ga rinjaye da cin galaba, “sha” kuma ga ɗanɗana abin da ya auka wa mutum. Babu yaron Bahaushe da aka zaunar aka ba shi jerin ma'anonin “ci” ya haddace. Yana jin kalmar tare da abokan tafiyarta, har kunnensa ya saba cewa cin kasuwa daban, cin fuska daban.

Wannan ita ce hanyar da ta dace a bi da “get” da 'yan uwanta a ajin Ingilishi. Maimakon a rubuta wa ɗalibi “get” a gefe ɗaya da “samu” a ɗaya gefen a wuce, ya kamata malami ya koya masa yin tambaya ɗaya a duk inda ya ci karo da kalmar: me ya biyo bayanta, suna ne, ko sifa, ko wuri, ko mutum da wani aikatau, ko kuwa ƙaramar kalmar shiyya? Ya kamata kuma a horar da shi ya riƙa karanta shigarwar ƙamus har ƙasa tare da misalanta, domin ma'anar farko da ido ya faɗa a kanta sau da yawa ba ita ce ake nema ba, sa'an nan ya riƙa ajiye sababbin haɗe-haɗe a littafinsa cikin cikakkun jimloli. Malamin da ya fara darasin da “ci” da “sha” da “samu” kafin ya shiga “get” yana gina sabon sani ne a kan wanda ɗalibi ya zo da shi daga gida, kuma ɗalibin da aka koyar ta wannan hanya zai iya amfani da dabarar a kan “take” da “put” da “run” da “set” ba tare da an sake zaunar da shi ba.